Satifiket ɗin sati biyu da fatar mutane

Da an sauko daga hidimar sallah, tallan makarantun koyon kwalliya sai ya cika waya. Wannan ta ce zo ki koyi kwalliyar amare cikin sati biyu, waccan ta ce wata guda kin ƙware a gyaran gashi da farce da gyaran jiki, kuma kowacce sai ta rufe da cewa akwai satifiket. Ranar yaye ɗalibai a fitar da anko, a kama ɗakin taro, a sa wa yara hula mai tuntu irin ta jami'a, a sha hotuna. Ba na ƙyashin kowa, Allah ya sa wa nema albarka. Abin da nake tambaya shi ne wa ya ba mai makarantar izinin buga takardar, kuma wa ya duba abin da ta koyar kafin ta buga.

Ni kitso na gada. A tsakar gidanmu na Tudun Wada a nan Kaduna na koya wurin kakata, kuma ba a ba ni kan mutum ba sai da na daɗe ina tsifa, ina miƙa kibiya, ina share gashi. Lalle da gyaran amare daga baya suka shigo, bayan na buɗe shago a wajen Kawo. Yanzu ni ma ina da yara masu koyo, saboda haka maganar nan da ni a ciki. In aka kafa doka gobe, shagona na cikin waɗanda za a fara leƙawa.

Masu satifiket kan zo neman aiki, takardar a cikin leda, an adana ta da kyau. Ba na karɓa. Sai in miƙa wa yarinya matajin da na gama taje wata da shi yanzu, in ce ga Hajiya can tana jira, bismillah. Wadda ta nufi kan Hajiya kai tsaye, na san inda karatunta ya tsaya. Wata har ta duba matajin ta ce mini, "Anti, ai ba datti." Yawancinsu hannunsu na da kyau, wannan ba musu. Jagira za ta fito daidai, ɗauri zai zauna, hoda ba za ta yi dabbare-dabbare ba. Abin da ba a koya musu ba shi ne abin da ke yi wa mutum illa, don shi ba ya fitowa a hoton Instagram.

Ga shi kuwa sana'armu cike take da shi. Makero ta mataji da tawul yake bi daga kan wannan yaro zuwa na wancan, haka ma kwarkwata. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma jinin ba sai ido ya gan shi ba. Reza, kilifa, abin yankan farce, har tsinin kibiya in ya sosa ƙurji. Kowa ya san abin da masu aski da yawa ke yi: a fesa wa kilifa sifirit, a kyasta wuta ta yi fuu, a ɗora a kan na gaba, gashi da maiƙon na baya na nan maƙale a haƙoran. Ƙa'idar ita ce a fara goge ƙarfen, a wanke shi tas, sannan a jiƙa shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta har iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, wanda sau da yawa minti 10 ne. Wannan ba ilimi ne mai zurfi ba, amma sai an zaunar da mutum an faɗa masa.

Rilaksa, man miƙar da gashi, irin mai ƙarfin, da sodar da ake haɗa sabulu ake yin ta. Shi ya sa ba a sa wa wadda ta tsefe kitso yau ko ta kwana tana susa, ana shafa basilin a gefen goshi da bayan kunne, ana duba agogo, kuma ana wankewa da shamfun da ke kashe ƙarfinta, ba kowane sabulu ba. Mata nawa ne a garin nan suka ɗauka zafin da suke ji alama ce ta magani na aiki? Ƙuna ce. Gobe kai ya yi ɓawo, gashin ya manne.

Baƙin lalle kuwa, wanda muke cewa dayis, shi ya fi tsaya mini a rai, don ni ma ina zana shi. Lallen gargajiya ja yake kamawa. Baƙin da ke kamawa cikin rabin awa rinin gashi ne, mai sinadarin da ake kira PPD, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a ɗora shi a fata kai tsaye ba. Wasu jikinsu na ɗauka shekara da shekaru lafiya lau. Wata kuwa rana ɗaya zanen zai tashi da ƙaiƙayi da bororo, fulawar da aka zana ta zama tabo a hannu, kuma in jiki ya fara ƙin sinadarin ba ya dainawa. Duk ranar da ta rina gashi fuska na iya kumbura. Na taɓa ganin amaryar da aka kawo mini saura kwana kaɗan ɗaurin aure, hannu biyu duk ruwa, uwar na cewa sammu ne. Na ce, "Mama, ba sammu ba ne, ku wuce asibiti yanzu." A ƙa'ida ana ɗiga rinin kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, a jira awa 48. Amarya da ƙawayenta goma sha sun zo da yamma, gobe kamu, wa zai jira? Amma ko tambayar "ya taɓa yi miki ƙaiƙayi?" ta isa ta tsirar da wata, kuma ita ma sai wadda aka koya wa take yin ta.

Ban ma shiga maganar masu haɗa man bilicin a bayan shago ba. NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta ƙasarmu, ta hana sa sinadarin makuri a man shafawa, ta ƙayyade sinadarin haske fata na haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sai dai hurumin hukumar kwalba ce da abin da ke cikinta. Hannun da ya sayo tub uku a kasuwa, ya juye a roba, ya zuba maganin ƙaiƙayi mai sitiroyid, ya sa wa haɗin suna mai daɗi, sannan ya buɗe aji yana koyar da haɗin, shi wa ke dubansa?

Tun da na buɗe shago masu rasit ba su taɓa fashi ba. Na haraji, na shara, na allon talla, kowa ya san hanya. Har yau babu wanda ya shigo ya ce in nuna masa inda nake jiƙa almakashi.

'Yar yayana tana aure a Amurka, kuma kitso take yi a can, don haka muna yawan wannan hira. Ita ta fara fahimtar da ni cewa a can ba gwamnatin tarayya ke ba da lasisin kwalliya ba, kowace jiha da hukumarta da dokarta. Kafin a bar ki ki taɓa kan mutum don kuɗi, sai kin yi awannin da jihar ta yanka a makarantar da ta amince da ita, kin ci jarrabawa, kin rataye lasisin inda mai zuwa zai gani. Awannin sun sha bamban: Niyu Yok 1,000, Filorida 1,200, Ilinoyi 1,500. Teksas ta rage nata daga 1,500 zuwa 1,000, Kalifoniya ma ta sauko daga 1,600 zuwa 1,000 a farkon 2022, ta kuma soke jarrabawar gwaji da hannu ta bar ta rubutu kaɗai. In ana zama awa 8 a rana, kwana 5 a sati, awa 1,000 wata shida ke nan. Kwas ɗin sati biyun da ake tallatawa a nan, in an yi awa 4 kullum ban da Asabar da Lahadi, awa 40 ne.

Yadda Kalifoniya ta raba awanninta ya burge ni. Doka ta ce aƙalla awa 100 kan lafiya da kariya daga sinadarai, wata 100 kan tsafta da kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki, 200 kan aikin gashi da sinadari irin su rini da rilaksa, 200 kan yanka da gyaran gashi, 150 kan fata, 100 kan farce, 50 kan cire gashi da gyaran gira da gashin ido. Wato ɗaya bisa biyar na karatun gaba ɗaya ba kan iya ado ba ne, kan kada a cuci mutum ne. Ita makarantar ma sai ta samu amincewar hukuma biyu, ta masu aski da kwalliya da kuma mai kula da makarantun kuɗi na gaba da sakandare. A jihohi da yawa malamar da za ta koyar tana da nata lasisin daban, ana rubuta shigar ɗaliba da fitarta don kada a yi aringizon awanni, ɗaliba ba ta taɓa baƙo sai malama na tsaye, kuma masu duba shago na faɗowa ba sallama.

Da na ji wannan na ce to ai sai mu kwaso. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, da ke ce a nan shekarun baya, da kama ki za a yi."

Ashe da gaske take. A 1997 aka kama wata mata mai suna Isis Brantley a birnin Dallas na jihar Teksas saboda tana kitso ba lasisin kwalliya. A 2007 Teksas ta fito da lasisin kitso na awa 35, amma da matar ta so ta koyar, sai aka ce sai makarantarta ta cika sharuɗan kwalejin aski: faɗin murabba'in ƙafa 2,000, kujerun aski 10, wurin wanke kai 5, alhali mai kitso ba ta buƙatar ko ɗaya. Sai a 2015 kotun tarayya ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a shekarar jihar ta cire kitso daga lasisi baki ɗaya. A jihar Yuta, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo da ta tashi tana kitso tun tana yarinya, an ce mata sai ta yi awa 2,000 a makarantar da kusan ba ta koyar da kitso. Ta kai ƙara ta yi nasara a 2012. Misisifi tun 2005 ta sauƙaƙa: rajista, ɗan kuɗi kaɗan, da sanin ƙa'idojin tsafta. Niyu Yok ta tsaya a tsakiya da lasisin awa 300 na gyaran gashi ba sinadari. Kuɗin cikakkiyar makarantar kwalliya a can kan haura dala 10,000, mutane na cin bashi su biya. Abin dariya da takaici, waɗannan dubban awanni sun daɗe ba su koyar da irin gashinmu ba. Sai a 2023 Niyu Yok ta yi dokar da ta tilasta sa murɗaɗɗen gashi cikin manhaja.

Wannan ya sauya mini lissafi. Da za a ce duk mai kitso a Rigasa ko Unguwar Sanusi sai ta yi wata shida a aji, an rufe wa dubban mata hanyar cefane ke nan, matan da yawancinsu a ɗakinsu suke aiki, goyo a baya, kuma sun fi duk wata malamar aji iya shuku da kalaba. Waɗanda za su ci riba su ne masu makarantun da nake ƙorafi a kansu, don ranar nan kuɗin kwas zai ninka. Kitso ba a jarraba shi da takarda, kai ne ke nunawa, kuma wadda ta yi miki mummuna ba za ki koma ba. Illarsa in ta zo, ta ja ce: a ɗame gaban goshi har ƙuraje su fito, shekara ta zagayo gashin wurin ya tafi ba dawowa. Wannan ma magana ce ta yini ɗaya, ba ta wata shida ba. Amma wadda za ta ɗora soda a fatar kai, ko ta riƙe reza, ko ta manna gashin ido da gam dab da ƙwayar ido, ba a barinta ga kasuwa ta hukunta, don kafin kasuwa ta gane an riga an yi ɓarnar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne hanyar tana nan, kuma a garinmu take. Hukumar NBTE, mai kula da ilimin fasaha da sana'a a ƙasa baki ɗaya, tun 1977 aka kafa ta, hedikwatarta na Titin Bida a nan Kaduna. Ita ke tantance kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a masu zaman kansu, ita ke riƙe da tsarin NSQ, wanda ake auna mutum a bakin aikinsa mataki-mataki, har wanda a hannu ya koya ana iya tantance abin da ya riga ya iya a ba shi shaida. An gwada wannan da masu walda da kafintocin kasuwar Panteka tun Farfesa Idris Bugaje na shugabantar Kaduna Polytechnic, kafin ya koma NBTE a 2021. NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin, tana shirya jarrabawar kwalliya. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na da gwajin sana'a mai mataki 3, 2 da 1. A sabon tsarin karatun sakandare na 2025, da aka rage darussan sana'a zuwa 6, kwalliya na cikin waɗanda suka tsira, tare da ɗinki da haɗa sola da gyaran waya. Wato gwamnati da kanta ta yarda sana'a ce da ake karantawa. Sai dai duk waɗannan takardu na ganin dama ne. Mai makaranta na iya yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta buga lambar a ƙasan satifiket da manyan baƙaƙe, iyaye su gani su ɗauka tantancewa ce. Rajistar CAC shaida ce ta cewa sunan naki ne, ba ta ce kin iya koyarwa ba.

Da za a tambaye ni, ta kan makarantu zan fara, ba ta kan masu shago ba. Duk wadda za ta karɓi kuɗin 'yar wani da sunan koyarwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta yi rajista da jiha, ita kanta ta nuna shaidar gwajin sana'a ko ta NSQ, a ga tana da ruwa da wurin wanke kaya da iska mai shiga, don warin gam ɗin farce a rufaffen ɗaki ba abin wasa ba ne. A rubuta a jikin satifiket awa nawa aka yi kuma me aka koya. In awa 40 ne na ɗaurin ɗankwali da jagira, a rubuta haka, ba laifi ba ne, ilimi ne shi ma. Laifin shi ne a rubuta wa yarinya cewa ta kammala ilimin kwalliya gaba ɗaya, ta tafi ta buɗe shago a Rigachikun ta fara sa wa mutane rilaksa. Kuma kowace manhaja, komai gajartarta, a tilasta mata darasin tsafta da na sinadarai, da sanin lokacin da za a ajiye mataji a ce wa mutum ya tafi asibiti. Makero, ƙurji mai ruwa, farcen da ya ruɓe, ba aikinmu ba ne. Allurar haske da ƙarin ruwan da wasu suka fara yi a ɗakin gyaran jiki kuwa, wannan ya fita daga kwalliya, ya kamata a kira shi da sunansa a hana.

Masu kitso da jan lalle a bar su da ɗan gajeren bita na tsafta, kyauta ko da kuɗi kaɗan, a unguwa, a makarantar Islamiyya ko ɗakin shan magani, ba a sakatariya ba. Masu sinadari da ƙarfe mai kaifi su yi jarrabawa ta gaske.

Tsorona ɗaya ne, kuma duk mai shago a Kaduna ta san shi: kada lasisin ya zama wani rasit. A zo da mota da kwado, a ce ina takarda, a sasanta a bakin ƙofa, kilifa na nan yadda take. Shi ya sa nake ganin bai kamata a damƙa aikin ga masu tara kuɗin shiga ba. Muna da duba-gari a ƙananan hukumomi, aikinsu ke nan tun zamanin iyayenmu, kuma su aka horar a kan tsafta. Muna da ƙungiyoyin masu sana'ar. Wanzamai ma tun fil azal suna da Sarkin Aska, kuma yaro ba ya ɗaukar zabira ya fita shi kaɗai sai ubangidansa ya sallame shi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce sai na gaba ya shaida kafin a sake ka ga jama'a.

Sai maganar harshe, wadda masu rubuta manhaja kan manta. A cikin yarana akwai wadda ta fi kowa nutsuwa da kayan aiki, ita ke tuna wa sauran lokacin sauya ruwan magani, amma a aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya, kuma Turancin jikin kwalba sai an karanta mata. In aka kawo jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu da Turanci za ta faɗi, wadda ta ce mini mataji ba datti ta ci. Kalifoniya na ba da jarrabawarta da Sifaniyanci da harshen Biyetnam da na Koriya, saboda ta san su wa ke riƙe da shagunan. A nan a yi ta da Hausa ga mai so, da Turanci ga mai so, a yarda da ta baka ga wadda ba ta rubutu, a ajiye mata reza da mataji da kwalba biyu a kan tebur a ce ta nuna abin da za ta yi kafin baƙuwa ta zauna.